Masu Sauya Fasasshen Sikirin a Gaya da Ajingi

A ƙauyukan Gaya da Ajingi, cire wa waya layi ba ya nufin ta gama aiki. Sau da yawa ma a lokacin ne take shiga aikinta na biyu. Za ka ga tsohuwar Tecno ko itel da ta daina kiran kowa, amma a cikin memorinta akwai izu sittin da muryar alaramma, akwai tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, akwai waƙoƙin Mamman Shata da na Musa Ɗanƙwairo, ga littattafan Hausa da aka karanta da baki aka naɗa, ga fina-finan da masu turi suka zuba a kan 'yan kuɗi kaɗan. Manomi yakan rataye ta a reshe ya kama aiki, tela ya ajiye ta a gefen keke, matar aure ta jingina ta da bango tana ɓare gyaɗa tana sauraren wa'azi. Ban da irin waɗannan, akwai ƙananan na'urorin MP4 'yan China da ake saya wa yara da ɗalibai, da 'yan tsirarun iPod touch da suka shigo a gwanjo, wadda kamfanin Apple ya fara fitarwa a 2007 ya kuma daina ƙerawa a 2022. Yawancinsu fuskarsu gilashi ce, a nan ake kallo, a nan kuma ake taɓawa. Ranar da irin wannan na'ura ta suɓuce daga aljihu a bayan babur ta bugu da kwalta, duk abin da ke cikinta yana nan lafiya lau, sai dai babu hanyar isa gare shi.

Mai buɗe wannan hanya yawanci matashi ne mai ɗan shago, ko tebur da lema a bakin tasha ko kasuwa, wanda babba da yaro ke kira Injiniya. A ganina, aikin da yake yi yana cikin mafi ƙanƙanta kuma mafi wuyar ayyukan hannu da ake yi a ƙasar nan yau, kuma yawancin masu kai masa gyara ba su san abin da ke gudana a ƙarƙashin yatsunsa ba. Suna ganin ya cire gilashi ya manna wani. Da abin iya nan ya tsaya, da kowa ma ya yi a gidansa.

Aikin hannu ba baƙo ba ne a Gaya. Tarihin baka na Kano ya riƙe cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dutsen Dala saboda tama, daga Gaya suka fito, har ana cewa birnin ya samo sunansa ne daga wani maƙeri mai suna Kano. Tun 2024 masarautar Gaya ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu, kuma a duk faɗin wannan ƙasa har yanzu ana jin ƙarar uwar maƙera. Sai dai yau awartakin ya koma matsefata mai bakin allura, wutar zuga-zugi ta koma iska mai zafi daga bulowa. Abin da bai canja ba shi ne sanin yadda zafi ke yi wa abu, da sanin lokacin da za a tsaya.

Gwani ba ya fara aiki da sukudireba, da tambaya yake farawa. "Baba, tana kawo haske? Idan aka taɓa tana amsawa? Ta taɓa shiga ruwa?" Dalili shi ne abin da muke kira sikirin ba abu guda ba ne, hawa-hawa ne. A can sama akwai gilashin kariya, wanda ke shan wahalar faɗuwa. A ƙarƙashinsa akwai abin da masu gyara ke kira tac, wato shimfiɗar da ke jin yatsa. Ƙasa da ita kuma akwai mai nuna hoto, sannan a irin LCD akwai fitilun baya masu haska shi. Kowanne da irin mutuwarsa. Idan gilashi ya tsattsage amma hoto na nan garau kuma yatsa na aiki, to ciwon a sama yake. Idan hoto na nan amma wani yanki ba ya amsawa, ko na'urar ta riƙa buɗe abubuwa da kanta har mai ita ya fara zargin aljanu, tac ne ya taɓu. Idan kuwa baƙin tabo irin na tawada ya fito yana yaɗuwa, ko layuka masu launi suka ratsa fuskar daga sama zuwa ƙasa, mai nuna hoton ya fashe, ba shi da magani sai sauyi. Akwai kuma na huɗu da ke ruɗar sabon shiga: fuska baƙa ƙirin amma sauti na fita. Gwani sai ya haska tocila a karkace. Idan ya hango inuwar hoto a ciki, ya san sikirin na da rai, hasken baya ne ya ɗauke, mai yiwuwa ma matsalar a kan fanel take, wato allon da ke ɗauke da kayan lantarkin na'urar. A wannan minti biyun ne ake sanin ko mai kaya zai kashe kuɗi kaɗan ko masu yawa, kuma a nan ne mai amana ke bambanta da mai neman na shan ruwa kawai.

Yadda gilashi ke jin yatsa abu ne da ya kamata mai karatu ya sani, don shi ne ke bayyana duk taka-tsantsan ɗin da za a gani a gaba. A jikin tac akwai siraran layuka a tsaye da a kwance, an yi su da wani sinadarin indiyom da kuza wanda wuta ke bi ta cikinsa amma ido ba ya ganinsa. A kowace mahaɗa akwai ɗan cajin lantarki. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, don haka da yatsa ya kusanto sai cajin wurin ya sauya, wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki kuma ta lissafa a wane layi da wane layi abin ya faru. Shi ya sa tsinke ko kara ba ya motsa komai, amma ɗigon ruwa ko gumi kan rikita na'urar. Wani injiniya a Ingila mai suna E. A. Johnson ne ya fara bayyana wannan dabara a 1965, amma ba ta shiga aljihun jama'a sosai ba sai bayan fitowar iPhone a 2007. Idan tsaga ta yanke layi ɗaya daga cikin waɗannan layuka, duk abin da ke kan hanyarsa ya kurumce. Ba a ɗinke shi, ba a yi masa dalma.

A tsofaffin na'urori da masu arha, tac daban yake, mai nuna hoto daban, da 'yar iska a tsakaninsu, don haka ana iya sauya ɗaya a bar ɗaya. Haka iPod touch na farko-farko suke; daga ƙirar 2010 aka manne gilashi da mai nuna hoto suka zama abu guda. Yawancin wayoyin yau haka suke, wasu ma tac ɗin a cikin mai nuna hoton aka gina shi. Irin waɗannan su ne ake sayo musu sikirin kwamfilit.

Kayan kuwa ba a Gaya suke ba. Sai an bi ta Wudil an shiga Kano, tafiyar sama da kilomita 60, zuwa kasuwar waya ta Farm Centre ko ta titin Beirut. Can ma daga Legas ake kawowa ko kai tsaye daga China, inda a birnin Shenzhen kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, yake da hedikwata. Mai gyara a Ajingi ba zai iya tara sikirin na kowace ƙira ba, jarinsa bai kai ba. Sai ya ɗauki hoton lambar da ke jikin fileks, wato siririn kirtanin nan mai laushi da ke haɗa sikirin da fanel, ya tura wa dillalinsa ta WhatsApp, a ba direba saƙo a tasha. Lambar ce abin dogaro, domin waya biyu masu suna ɗaya kan zo da sikirin iri biyu, bakin fileks ɗinsu ya bambanta da ɗan abin da ido ba ya kamawa. Kuskuren harafi ɗaya yana nufin asarar kuɗin mota da kwana biyu, ga mai kaya ya taso tun daga Toranke ko Balare ko Kademi yana jira. Lokacin da gobara ta ci wani sashe na kasuwar Farm Centre a ranar Babbar Sallah ta 2025, ba 'yan birni kaɗai ta shafa ba, har da duk teburan gyara na karkara da ke shan ruwa a wannan rijiya.

Idan kaya ya iso, sai a kashe na'ura, a zare memori da layi a damƙa wa mai su a hannu. Sannan a ɗumama gefen da gam yake. Zafin da ake so bai kai na tafasar ruwa ba: ya isa ya sassauta gam, kada ya kai ga narka roba ko dafa batir. Wanda ya daɗe a sana'ar da bayan yatsa yake aunawa, kuma ba ya barin bakin bulowa ya tsaya wuri ɗaya. Daga nan sai ya zura siririyar roba a tsakanin jiki da murfi ya bi gefe a hankali, ba ya zurfafawa, don ya san ta ina fileks ɗin maɓallin ƙara ko na zanen yatsa ya bi. Sukurorin ciki ƙanana ne ƙwarai, kuma ba tsawonsu ɗaya ba. Dogo idan ya shiga ramin gajere yana iya huda fanel ya yanke hanyar wuta da ke ɓoye a ciki, na'urar da aka kawo da ciwon fuska ta koma gawa. Don haka za ka ga ya jera su a kan takarda ko maganaɗisu daidai da yadda suke a jikin na'urar. Abu na farko da yake cirewa bayan buɗewa shi ne bakin batir. Idan aka zare ko aka maƙala fileks ɗin sikirin alhali wuta na yawo, ɗan abin da ke ba fitilun baya wuta na iya ƙonewa. Batirin ma kansa abin tsoro ne. Irin na litiyom idan ƙarfe ya soke shi yakan yi hayaƙi ya kama da wuta. Gwani yana kuma duba ko ya kumbura, domin sau da yawa kumburin batir ne ke turo sikirin daga ciki har ya tsage, kuma duk wanda ya sa sabo a kan kumburarren batir ya yi aikin baban giwa.

Akwai ƙa'idar da kowane maigida ke nanata wa yaronsa tun makon farko: kada ka ɓare leda, kada ka sa gam, sai ka gwada. Ana maƙala sabon sikirin a sake, a kunna, a duba launi da haske, a kama wata alama da yatsa a ja ta lungu-lungu a ga ko akwai inda za ta suɓuce. Dillali na karɓar kayansa idan ledar da tambarinsa na nan. Da an ɓare, ya zama naka, ko mai kyau ne ko matacce.

Wurin da na fi jinjina wa masu wannan sana'a shi ne inda gilashin sama kaɗai ya fashe, mai nuna hoton kuma na asali ne mai tsada, ga su manne da juna da wani gam garai-garai wanda haske ke ratsawa. A nan mai gyara na iya cewa a sayo kwamfilit ya huta. Amma wanda ya iya, sai ya fara lulluɓe tsagar da salatif don kada ɓarɓashi ya watse, ya kwantar da sikirin a kan farantin zafi, ya jira gam ya yi laushi. Sannan ya ɗauko wata waya ta ƙarfe da ba ta fi gashi kauri ba, ya naɗe bakinta biyu a 'yan sanduna, ya shigar da ita ta kusurwa, ya riƙa ja dama da hagu yana matsowa kaɗan-kaɗan. Aikin ya yi kama da fiɗar ƙwararren mahauci, wanda ke raba fata da nama ba tare da ya huda fata ko ya bar tsoka a jikinta ba. Dole wayar ta lafe a jikin gilashin sama. Idan ta nutsa ƙasa da ɗan kaɗan za ta yanki wata siririyar leda mai tace haske, hoto ya lalace har abada. Kuma fasasshen gilashi ba ya barin waya ta wuce salin-alin, kowace tsaga tana neman ta kama ta ko ta karkatar da ita. Idan ta cije, ba a fizga. A ja baya, a ƙara zafi, a sake shigowa ta wani gefe. Mai nuna hoton da ke ƙasa ya fi ɓawon ƙwai rauni, latsawar babban yatsa kaɗai na iya kashe shi, kuma idan ya mutu a hannunka kai za ka biya. Mutumin da ke wannan aiki ba ya hira, ko sallama aka yi sai ya kai ƙarshe yake ɗagowa ya amsa da ban haƙuri. Bayan rabawa sai gogar ragowar gam da sifirit, sannan manna sabon gilashi. Mannawa ta sosai tana buƙatar injin matsewa da mai zuƙe kumfar iska, waɗanda aka fi samu a birni, don haka mai gyaran karkara da ya san iyakarsa yakan aika wannan mataki Kano. Sanin abin da za ka yi da kanka da abin da za ka miƙa wa wanda ya fi ka kayan aiki, shi ma gwaninta ne.

Sai kuma ƙura. Littattafan gyara na ƙasashen waje suna ɗauka cewa mai aiki na zaune a ɗaki mai tsabta da wuta ba yankewa. A Gaya cikin hunturu, iska kanta gari ce. Ƙwayar ƙura ɗaya idan ta faɗa tsakanin tac da mai nuna hoto, ta zauna ke nan, mai na'ura zai riƙa ganinta kullum a tsakiyar fuskar. Masu gyara sun nemo wa kansu dabaru: a yayyafa ruwa a ƙasa, a kashe fanka duk da zafi, a rufe ƙofa, a yi mannawa da sassafe kafin babura su tayar da ƙura, a riƙe sikirin fuskarsa na kallon ƙasa har zuwa lokacin ɗorawa, a ɗauke ɗigon da ya maƙale da bakin salatif. Wutar lantarki kuwa, wanda ke da sola ya ji daɗi, wanda ba shi da ita sai ya tara aikin zafi ya yi shi a lokaci guda idan an tayar da janareta.

Kafin a ɗora sabo, sai an kankare firam tas. Ɗan tsinin gilashi da ya rage a gefe shi ne ke fasa sabon sikirin bayan kwana biyu ba tare da na'urar ta faɗi ba, mai kaya ya dawo yana rantsuwa, kuma gaskiyarsa ce. Idan kusurwa ta lanƙwashe wajen faɗuwa sai an daidaita ta. Gam siririn layi ake yi, a kauce wa ramin sifika da kyamarar gaba da ɗan idon nan da ke kashe haske idan an kara waya a kunne. Sannan a ɗaure da robobi a ajiye. A nan ne ake yawan samun saɓani, don mai kaya na sauri, motar ƙauyensu za ta tashi. "Alhaji, ka yi haƙuri ka bar robar nan a jiki har gobe da safe," in ji mai gyara. Wanda ya kwance ta a hanya, bayan mako guda zai ga gefe ya ɗaga.

Ban da hannu, sana'ar na cin amana mai yawa. Na'urar da aka ajiye a tebur tana ɗauke da hotunan iyali, da saƙonni, wani lokaci da asusun banki. Matan aure da yawa yaro suke aikowa da ita, ba su ma san fuskar mai gyaran ba. Nagari ba ya leƙa abin da ba a sa shi ba. Idan gwaji na buƙatar buɗe makulli, a gaban mai ita yake yi. Haka nan sikirin hawa-hawa ne a kasuwa: akwai wanda aka ciro daga wata wayar ta asali, akwai kwafi mai kyau, akwai mai arha wanda haskensa ke dusashewa a rana yana kuma shan batir. Ba laifi ba ne a sa wa mutum mai arha idan shi ne ƙarfinsa. Laifin shi ne a sa masa kwafi a karɓi kuɗin orijinal, kuma a ƙaramin gari irin Ajingi wanda ya yi haka sau biyu kowa ya ji.

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, sabuwar waya ta fi ƙarfin mutane da yawa, gyara ya zama dole. Duniya ma ta fara dawowa kan wannan hanya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 an zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, wanda aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tarayyar Turai kuwa, daga watan Yunin 2025, ta wajabta wa masu ƙera waya su ci gaba da samar da kayan gyara har shekara 7 bayan an daina sayar da ƙira. Abin da suke kafa wa doka, samarinmu sun daɗe suna yi a ƙarƙashin lema, da ilimin da suka samu a gaban maigida da kuma bidiyon YouTube, wani lokaci cikin harshen da ba sa ji, hannun mai koyarwa kawai suke bi da ido. Ina ganin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, idan suna neman inda za su sa kuɗin tallafin matasa ya yi amfani, injin matsewa guda da sola a wuri ɗaya da masu gyara za su riƙa amfani da shi tare zai rage musu zirga-zirgar Kano ƙwarai.

Kai kuma mai karatu, ranar da taka ta faɗi, kada ka ci gaba da latsa fasasshen wuri, ka lulluɓe shi da salatif don kada ya yanke ka ko ruwa ya shiga, ka zare memorinka ka adana. Idan ka je wurin Injiniya, ka tambaye shi wane hawa ne ya mutu da wane irin sikirin zai sa maka, ka ba shi lokacin da ya nema, kuma idan ya faɗi kuɗin aikinsa ban da kuɗin kaya, ka biya shi ba tare da ka raina ba.